Kalma ɗaya na faɗa, suka ɓata sunan Babana

Assalamu alaikum 'yan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah shawara nake roƙo, mai wa'azi ya riƙe abinsa, na sha har wuya satin nan.

A Madina muke, Harra ta Gabas. Babana mai haɗa magani ne a asibiti, bara ya rasu. Ya bar min kwalin kaset na tsofaffin fina-finan Amurka marasa kala, irin na masu binciken kisa, ruwan sama a kan titi, da mutumin kirki da ya yi kuskure ɗaya ya kasa fita. Kamfani-kamfani ya jera su, ya rubuta a bayan kowanne da hannunsa. Bayan la'asar muke kallo, yana nuna min yadda inuwar taga take yanka fuskar mutum gida-gida. Turawa noir suke ce musu, shi kuwa cikin raha yakan ce baƙin fim.

Ranar sunan 'yar Yayana, a cikin mata, aka tambaye ni me ya hana ni fita kwana biyu. Na ce ina kallon baƙin fim ɗin da Baba ya bar min. Matar Yaya haihuwar nan ce, Hausa ji take ba ta mayarwa, ita ta juya wa ƙawayenta da Larabci, ta ƙara gishiri. Cikin kwana biyu, daga unguwar Jurf har ta Sultana an ji wai Alhaji ya mutu ya bar kwalin fina-finan batsa.

Goggo, yayar Baba, ta zo tana huci. Na saka mata ɗaya don ta gani da idonta, sai ga mace ba ɗankwali tana busa sigari. Ko minti ba a yi ba ta doka salati, ta tofar da yawu, ta ce boko ya cinye min kunya. Ni da ko ɗaga murya ba na yi, ranar na gaya wa matar Yaya cewa wadda ba ta iya gaisuwa da harshen ubanta ba, ba ita za ta yi wa mamaci tafinta ba. Ban yi nadama ba.

Yaya ya kulle kwalin a ɗakinsa. Ya ce ranar Juma'a zai kai wa wani likita aminin Baba ya duba ɗaya bayan ɗaya, abin da ya gani shi za a gaya wa dangi. Kowa ya yarda, har ni.

Abin da ba su sani ba, uku a ciki ba na Baba ba ne. Sababbi ne masu kala, na kamfanonin nan dai, ƙawata ta kawo min daga waje bayan rasuwarsa. A ɗaya akwai wurin da ni kaina wucewa nake ina rufe ido. Kewa ta sa na rubuta a bayansu da irin rubutunsa, na kwaikwaya har lanƙwasar harafi, don in ji kamar shi ya zaɓa min. Likitan kuwa ya san hannun Baba.

In na yi shiru, ƙaryarsu ta zama gaskiya a kan wanda ba zai iya buɗe baki ba. In na faɗa, Goggo ta samu abin faɗi har abada, matar Yaya kuma ta yi guɗa.

Yau Laraba. In tari Yaya in gaya masa komai, ko in je wurin likitan ni kaɗai kafin kwalin ya isa? Ta yaya zan ce rubutun nan nawa ne?