Dada Ta Ƙi Zama Kan Kujerar Kwalekwale

Tanti Ayele, ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni kafinta ne a garin Aneho. Ba na zane, ba na awo, yadda katako ya lanƙwasa haka nake bin sa. Matata ma cewa take kujeruna kamar sun sha giya.

Bara mahaifinmu ya rasu, kwalekwalensa na kamun kifi yana ta ruɓewa a bakin teku. Na yanko gindin, inda marigayin yake tsayawa riƙe da matuƙi, na yi wa Dada, mahaifiyata, kujera saboda ciwon gwiwa. Wallahi ban taɓa yin aiki mai kyanta ba. Amma Dada ta ƙi zama! Ta lulluɓe ta da zane, kullum da safe sai ta gaishe ta, sannan ta durƙusa a ƙasa tana tuƙa tuwon masara tana nishi. Na yi magana, ta ce wai uban wa ya aike ni.

Yanzu ƙanin babana, Teko, ya ce jirgin masunci na teku ne, in dangi sun taru cikar shekara da rasuwar za a mayar wa ruwa abinsa, har da kujerar. Tanti, zuciyata zafi take. In bar su su jefar?

Kafinta Mai Damuwa

Ɗana, kwantar da hankalinka. Wanda ya ƙi abu ba ya gaishe shi da safe. Dada ba raina aikinka ta yi ba. Wurin mijinta ka ba ta, ita kuwa ba za ta hau wurinsa ba ko gwiwa za ta tsinke.

Kai ma da naka. Ka iya sauraron katako, ka manta da tambayar mai zama. Baffanka kuma ba mugunta yake ba, ɗan'uwa ya rasa. Ka je ka same shi tun kafin taron, ka ba shi haƙuri, ku kai wa teku goshin jirgin tare a madadin kujerar.

Sauran katakon, ka kai Dada ta zaɓa da hannunta. Ka haɗa wata 'yar kujera a jikin ta farko, daidai tsayin gwiwarta. Kada ka ce mata ta zauna, kada ka taɓa zanen. Ka bar wa tsoho wurinsa, za ka ga ta zauna a gefensa.

Allah ya sa wa hannunka albarka, ya ba Dada lafiya.

Tanti Ayele