Sunan Yankan Maigoro

Asabar da dare, Orozo

Da safe na ja layukan zuriyarmu a kwali. Gurbin kakan Baba ne ya rage. Maigoro kowa ke ce masa, kakata Inna kaɗai ta san sunansa na yanka, ga jikinta ya fara ƙi.

"Ja'iri, surukina zan kama wa suna don takardarka?" in ji ta.

Na ce zan jero sunaye, in na faɗo kansa ta sunkuyar da kai. Ta sunkuyar a Haruna. Na ci gaba don in tabbatar, ta sake sunkuyarwa a Idrisu. Ko ni na rikita ta?

Gobe:
- sayo mata goro
- tambayar Baba wa kuma take jin kunya
- rubuta Haruna, amma da fensir