Layin da Baba Ya Hana Ni Gogewa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya yaye maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana, Anti ce ta tona maka asiri. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana hawa bene ta yi shanya. Gwaggo ta zo ta yi mana mako biyu, ta gyara wa kowa zama sannan ta tafi. Ni ina nan ina fama da 'yan ajina. Baba ne dai sai a hankali. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma likita ya ce a yi ta ɗiga magani, a rage karatu. Ka san Baba da rage karatu.

Yaya, maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ba ta waya ba ce. Ka san shekara uku ke nan da tukunyar tururi ta fashe a masana'anta, ma'aikata huɗu suka rasu, kwamiti ya ɗora wa Baba laifin sakaci a matsayinsa na shugaban sashen gyara, aka sallame shi. Ka kuma san tun lokacin yake rubuta maƙala a kan yadda shugabannin masana'antu suke ɗage gyaran injuna har abu ya lalace. To wata mujallar injiniyoyi ta karɓe ta, waɗanda suka duba sun yaba ƙwarai. Amma sau biyu ana dawo da ita saboda tsari kawai. Sun ce a raba kowane shafi gida biyu kamar jarida, tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala, kada ya wuce kalma ɗari biyu, sunan jadawali a samansa, sunan zane a ƙarƙashinsa, manazarta kuma a jera su da lamba yadda suka biyo juna a cikin rubutu. Shafi takwas, ko layi ɗaya kada ya ƙaru. Tasa shafi goma sha ɗaya ce. Editan ya ba mu kwana ashirin, ya ce wannan ne karo na ƙarshe.

Da yake Baba ba ya iya kallon kwamfuta, ni na karɓi aikin. Kullum in na dawo daga makaranta sai mu kwashe kwanuka daga teburin cin abinci, in buɗe kwamfuta, shi kuma ya zauna gefena da tsofaffin fayilolinsa da gilashin nan mai ƙara girman rubutu. Ina karantawa da ƙarfi, yana cewa a cire ko a bari. In muka cire madogara guda sai lambobi arba'in da uku su rikice, mu koma farko. In na matsa zane sai ya yi tsalle ya faɗa wani shafin. Ran nan har ya yi dariya, ya ce shekara talatin yana juya mutum tamanin, ba su taɓa ba shi wahalar da waƙafi da aya suka ba shi ba. Na daɗe ban ji dariyarsa ba, shi ya sa nake gaya maka.

A rana ta goma sha huɗu muka sauko zuwa shafi takwas da ɗan ɗori. Abin da ya rage jadawali na biyu ne, wanda ya jera duk lokutan da aka nemi tsayar da tukunyar don dubawa aka ɗage. Kowane layi da kwanan wata, da abin da aka nema, da ofishin da ya amince a ɗage. Layi goma sha bakwai ne, na ƙarshen ya ƙi shiga, ya zauna shi kaɗai a saman shafi na tara. Na ce wa Baba mu goge shi mu huta, goma sha shida ma sun isa hujja. Ya ce in karanta masa tukuna. Na karanta: kwana goma sha ɗaya kafin fashewar, an ɗage duba bawul ɗin da ke fitar da tururi idan ya yi yawa, na mako biyu. A gurbin ofishin da ya amince, sauran duk manajan sarrafa kaya ne ko babban manaja. Wannan kuwa an rubuta shugaban sashen gyara. Na ɗauka kuskuren bugu ne, har na kai hannu zan gyara. Baba ya riƙe mini hannu, ya ce ba kuskure ba ne.

Ya jawo wata takarda daga ƙasan fayil ya ajiye mini. Sa hannunsa ne, Yaya, irin wanda yake yi mana a katin jarrabawa. Ya ce a makon an matsa a fitar da kaya masu yawa, babban manaja ya kira shi ofis ya tsare shi da magana. Sau goma sha shida yana rubutawa ana watsar da shi, ran nan ya gaji, ya ce a ransa mako biyu ba wani abu ba ne, ya sa hannu. Ya ce kwamiti bai taɓa ganin takardar ba, sun kore shi ne don su rufa wa na sama asiri, kuma wannan zalunci ne, amma zaluncinsu bai wanke shi ba. Ya ce maƙalar tana bayani ne a kan yadda ake gajiyar da wanda ya san gaskiya har ya bi sahu, in aka cire layin nan ta zama takardar kare kai. Umma tana tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu. Ashe ita ma ba ta sani ba. Ta juya ta shiga ɗaki, yau kwana tara magana tsakaninsu ba ta wuce ga abinci, ga magani.

Don layin ya samu wuri, ya sa na cire hotonsa da tarihinsa na ƙarshen maƙala, na bar sunansa kawai. Sunayen mamatan huɗu da ya so ya sadaukar musu da aikin, tun farko editan ya ce ƙa'idarsu ba ta yarda da sunan mutum ko na kamfani ba. Kawu ya ji labari ya zo, ya yi faɗa sosai, ya ce duk wanda ya san masana'antar zai gane, ana iya tayar da shari'a, mutum mai ido ɗaya me zai je yi gaban alƙali. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce mini in tura. Na tura. Bayan kwana huɗu amsa ta zo, layi biyu: an karɓa, sai dai a cire ayar da ke ƙarshen sunan jadawali na biyu.

Shekaranjiya ya sa na buga masa kwafi, ya ce in raka shi gidan matar mai waldar nan da ya rasu a fashewar, wanda yake zuwa yana gyara mana ƙofa. Mun same ta a ɗaki ɗaya da keken ɗinki a bakin taga, katifa a jingine da bango, takalman makaranta uku a jere. Baba ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma, ya gaya mata komai bai rage ba. Ta karɓi takardun ta jujjuya, ba ta jin Turanci. Tambaya ɗaya ta yi, ko sunan mijinta yana ciki. Baba ya ce babu, ƙa'ida ta hana. Ta miƙa masa abinsa, ta ce ga ruwa nan mu sha, ta koma kan kekenta. Muna fita muna jin ƙararsa. A hanya sau biyu Baba yana tuntuɓe ina tare shi. Akwai sauran gidaje uku, ya ce duk sai ya je.

Yaya, na san shekara uku kana faɗa a kan Baba, har ka ɓata da amininka saboda ya ce a bi maganar a hankali. Ni ma da na ga takardar sai da na kwana biyu ban iya kallon fuskarsa ba. Shi ya ce in rubuta maka, ya ce bakinsa ba zai iya ba. Na lura bai damu da shari'a ba kamar yadda ya damu da abin da za ka ce. Don Allah ka kira shi. Kada ka ce masa ba komai, zai gane ba gaskiya ba ne. In ma faɗa za ka yi, ka yi, ya fi masa shirun.

Ka gaida Anti da kyau, da Ummi da Ɗan Baba, ka ce su riƙe karatu. Umma tana gaishe ku, Kawu da Gwaggo ma haka. Baba bai ba ni saƙon gaisuwa ba. Ya ce sai ya ji ko za ka amsa.

Ƙanwarka,
Auta