Ban Kira Sunanki a Ƙofar Marina Ba

Zuwa ga Aina'u, sanyin idona, inuwar tsamiyar da matafiyi ke hangowa tun daga nesa, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko,

Amincin Allah ya lulluɓe ki. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun nan, da hagu nake yi, dama tana rataye a wuyana. Gwaggonki Fadima ta kawo mini saƙonki har gadon asibiti: wai a dakatar da zuwan magabatana gidanku, domin ba za ki iya ɗaga ido ki dube ni ba bayan abin da garinku ya yi mini. Kwana tara ke nan ina kiran wayarki ba ki ɗauka. To ki saurara, ya ke wadda zuciyata ke bin sawunta. Sana'ata ce in faɗi abu yadda ya faru, ba ragi ba ƙari, kuma ke kika fi kowa haƙƙin ji daga bakina.

Kin tuna yammacin da na gaya miki zan zagaya tsofaffin garuruwa masu ganuwa a kan keke, in rubuta wa jaridarmu abin da ya rage daga cikinsu? Muna zaune a ƙofar gidan Gwaggo a Rijiyar Zaki. Kika yi dariya har kika toshe baki da mayafi, kika ce ɗan birnin da ke haki in ya hau bene, Tofa ma sai an turo shi. Sannan kika karɓe littafina da biro, kika zana mini ganuwar garinku: ƙofofi huɗu, kowace da sunanta, da giɓin da masu ɗibar ƙasar gini suka yi, inda kike sulalewa kina yarinya ki je tsintar kanya. A gefen giɓin kika rubuta, "Ta nan ba mai ganin mutum." Na kalli yatsunki suna tafiya a kan takarda kamar kurciya a bakin rafi. Wa zai ce da ni ranar akwai mutuwa a cikin wannan wasan?

Kwana huɗu na yi a hanya. Na bi ta Tofa, na yada zango a Rimin Gado, na miƙa cikin ƙauyuka. Gero ya sunkuya, dawa ta fid da kai, gona na jingine da gona, babu takin ƙasar da aka bari. Kowane gari na isa sai in fara sauka a ƙofar dagaci, in nuna katin aiki, a haɗa ni da dattijon da zai zagaya da ni. Garinku kaɗai na saɓa. Na san tambayar farko ita ce baƙon wa, ni kuwa manya ba su shiga maganarmu ba tukuna, ban ga dacewar in jefa sunan gidanku a bakin mutane ba. Kuma, in faɗi gaskiya, na so in ga ganuwar da idonki kafin wani ya nuna mini ita da sanda. Wannan kuskurena ne, ni kaɗai.

Da hantsi na hango ta, ja, ta kwanta kamar raƙumin da ya gaji. Ruwan ɗaruruwan damuna ya zaftare kafaɗunta, amma a wajen Ƙofar Marina har yanzu ta kai tsayin mutum uku. Na jingine keke, na auna faɗin ƙofar da taku, na ɗauki hoto, na bi zanenki har giɓin. Kanyar tana nan, Aina'u, 'ya'yanta ba su nuna ba. Abin da ban sani ba shi ne, kwana shida kafin zuwana ɓarayi sun shigo ta wannan giɓin, sun kora shanun huɗa, sun sassare mai su, Malam Mani. Washegari za a yi sadakar bakwai. Sai ga baƙo a tsaye a daidai wurin, da littafi a hannu, yana ƙirga taku.

Wata mata mai ɗauke da damin kara ta gan ni, ta yar da damin ta ruga. Ban kai ga kekena ba aka kewaye ni. Kalma ɗaya na ji, infoma, wato mai yi wa ɓarayi leƙen asiri, daga nan gora ta sauka a gadon bayana. Na zaro katin aiki, wani ya make hannuna, ya ce ai infoma ma da katinsa yake yawo. Aka buga kyamarata da dutse, aka tattake keken har ƙafar gaba ta lanƙwashe. Ƙotar fartanya ta fasa mini kai, jini ya rufe mini ido ɗaya, bakina ya cika da jar ƙasar ganuwarku. Wani ya tsinci littafin, ya ɗaga sama, ya karanta wa taro layin nan naki da ƙarfi. Hayaniyar da ta biyo baya ba ta mutane ba ce. Sau uku na taɓa rubuta labarin irin wannan taro, na san jerin abin: duka, sannan taya, sannan fetur. Da kunnena na ji an ce a je wurin ɗan bumburutu.

Wani dogo mai rigar 'yan sintiri ya ratso mutane, ya taka mini ƙirji.

"Baƙon wa ne kai? Wa ya zana maka hanya?"

Sau uku ya tambaya. Ya hasken raina, sunanki yana kan harshena kamar ruwa a bakin mai azumi! Amma na lissafa, ko a ƙarƙashin ƙafa ban daina lissafi ba. In na ce Aina'u, taron nan ba watsewa zai yi ba, juyawa zai yi. Garin da ya binne mutum kwana shida da suka wuce zai ji cewa 'yar gidan Malam Balarabe ce ta zana ta inda ba mai ganin mutum. Wa zai tsaya ya ji cewa hira ce ta saurayi da budurwa? Ina Innarki za ta gudu? Ina ƙannenki? Na yi shiru, na kare kaina da hannu. Gorarsa ta sauka, na ji ƙashin ya karye kamar busasshen kara.

Sai dogon ya fizge littafin daga hannun mai karantawa, ya duba da kansa. Ina kwance ina kallonsa da ido ɗaya, na ga fuskarsa ta sauya. Ya san hannun da ya yi rubutun. Ya cusa littafin cikin rigarsa, ya raba ƙafafu a kaina, ya ce hukunci na dagaci ne, duk mai son ƙara taɓa ni ya fara da shi. Suka fara da shi kuwa. Dutse ya tsaga masa gira, jininsa ya ɗiga a rigata ya gauraya da nawa, bai matsa ba. A kafaɗarsa ya ɗauke ni. Muna cikin tafiya ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Abin da ya sa ka ɓoye littafin."

Haka muka fara gaisawa da yayanki Sama'ilu.

'Yan sanda sun zo neman sunaye. Na ce hannaye da yawa ne, kuma na yafe. Labarin zan rubuta shi, domin wani baƙon ba zai sami mai tsaya masa ba, amma babu sunan gari a ciki, babu na mutum. Sama'ilu yana zuwa nan, ya zauna a bakin gado, ni ke jan sa da hira. Shi da ya karya hannun yana iya dubana, ke da ba ki yi komai ba ce za ki kasa?

Haba Aina'u, farin watana, raɓar asubahina! Da me kike son hukunta ni? Sun doke ni na minti ashirin, ke kina duka na kwana tara, kuma naki ya fi shiga ƙashi. Idan kika janye, me shiruna ya saya? Na riƙe sunanki a bakina don in same ki, ba don in rasa ki ba. Kunya ba dalili ba ce. Ƙashi zai haɗu cikin mako shida, likita ya faɗa. Abin da kike shirin karyawa ban san mai ɗorinsa ba.

Na gaya wa Baffana kada ya warware komai. Ranar Asabar ta sama suna tafe gidanku da goronsu. Idan za ki hana su, ba ta bakin Gwaggo ba. Ki zo ɗakin maza, gado na shida, ki tsaya a gabana ki ce ba kya so na. In kika iya faɗa, zan kira Baffa a gabanki. In kika kasa, ki zauna.

Naki, da hannun da ya rage da wanda ya karye, har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Shafi'i