Kafaɗar Baba a Gaban Alƙali

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da Mama. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda, ita dai ba ta da maɓallin kashewa.

Jiya lauyan da na ɗaukar maka ya kira ni, har yanzu raina bai sauka ba. Ya ce likitan da kamfanin ginin ya turo ya duba ka, ka ce masa ka warke sumul, har ka ɗaga kujera da hannun dama don ya gani. Baba, wane warkewa? Daga saman bene katakon da suka kafa maka ya karye da kai, kafaɗarka ta dama ta karye, wata uku kana kwance. Kuma sun ɗauke ka hoto a ƙofar shagon kafintoci da guduma a hannu.

Lauya ya ce diyyar kashi-kashi ce: kuɗin asibiti, na watannin da ka yi ba aiki, na azabar da ka sha, sai babban, na aikin da ba za ka ƙara iyawa ba. Idan ka ce ka warke, na asibiti kawai za su biya su kaɗe rigarsu. Saura kwana goma sha biyu a shiga kotu. Don Allah ka faɗi gaskiya.

'Yarka.

*

Uwata,

Ina amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Na karanta takardarki sau biyu, ban ga inda kika tambayi ra'ayina ba.

Shi wannan lauya naki mai ƙamshin turare ya zo da takarda shafi uku, wai in tsaya a gaban jama'a in karanta cewa ba na iya ɗaga hannu, ba na iya hawa tsani, ba na iya riƙe zarto. Shekara talatin da ɗaya ina rufin gidaje, ba a taɓa kirana an ce ya yi yoyo ba. Yau yaron da bai san ƙusa inci uku ba zai koya mini in ce na zama tarkace? Ranar da na faɗi haka, kafin la'asar duk masu ba da aiki sun ji, babu wanda zai sake nemana ko da gyaran ƙofar bayi.

Likitan kuwa kallona ya yi kamar tsohuwar mota, shi ya sa na ɗaga masa kujerar. Ban yi nadama ba. Ku ƙyale ni da kamfanin, Allah yana gani.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka, amma yau ka yi haƙuri da bakina, ni ma raina ya ɓaci.

Na matsa wa Mama, ta faɗa mini tana kuka. Bayan ka ɗaga kujerar nan kwana biyu ka yi ba ka iya kai loma baki. Ita take sa maka riga, ita take ɗora maka hula, sannan ka ɗauki jakar kayan aiki ka fita kamar ana jiranka. A shagon kuma benci kake zama har azahar kana duba wa mutane katako. Wata bakwai ke nan babu wanda ya ba ka rufi, Baba. Masu ba da aikin da kake ɓoye wa sun riga sun sani, kunyarka suke ji.

Ka san wankin wa Mama take yi yanzu? Na maƙwabta, a bayan ɗaki, ta shanya inda ba za ka gani ba. Hannayenta duk sun tsage. Kai kana ɓoye wa jama'a ciwo, ita tana ɓoye maka bokiti, mutanen da suka kafa ruɓaɓɓen katako kuma suna ofis suna shan sanyi da hotonka a tebur. Ba sadaka za su ba ka ba, haƙƙinka ne, kuma na Mama ne.

Na nemi hutu a makaranta, zan zo in zauna kusa da kai a kotun.

'Yarka da ba ta taɓa yi maka musu ba sai yau.

*

Uwata,

Gaisuwa. Na leƙa bayan ɗakin, na ga shanyar.

Ki ce wa lauyan ya kawo takardarsa. Zan faɗa duka, har da hular, kuma a sake kiran likitan ya duba ni da kyau.

Amma ki mayar da hutunki. Zan iya faɗa a gaban alƙali da baƙin fuskoki. A gabanki ba zan iya ba. Kada ki zo.

Mahaifinki.