Ka Rubuta Cewa Kai Ba Danginmu Ba Ne

Zuwa ga Ustaz Usmanu, a Omdurman, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya Amna da yara. Na rubuto a nan shafin intanet inda kowa zai gani ne don na kira ka sau uku layi yana yankewa, kuma abin da ke bakina ya fi mini sauƙi a rubuce.

Takardun fasfon 'yata Nafisa sun dawo. Ba su karɓa ba.

Ka san dokar, ni na karanta maka ita. Nan Ingila aka haife ta, fasfonsu take riƙe da shi. Yanzu ta cika sha shida, na yara ya daɗe da mutuwa, sai na manya. Hoton da ke cikin tsohon tana shekara biyar ne, ba mai duban sa ya ce ita ce. Don haka suke son mutum mai sanannen aiki, wanda ya san ta aƙalla shekara biyu, ya sa hannu a bayan sabon hoton cewa lallai fuskarta ce. Sharaɗinsu kada ya zama dangi.

Na bi layinmu gida gida a zuciyata. Likitan ɗan ƙanwar Inna mahaifiyata ne. Mai kantin magani 'yar baffana yake aure. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka tsaya a bakin Nilu, suka yi ta auren juna har ba a bar bare ba. Kai kaɗai ka rage, don kakanka a ayarin baya ya iso. Ga ka malamin makaranta, ga fasfon Najeriya da muke yi maka dariya a kansa, kuma yana cikin waɗanda suke yarda da su.

Sai ka je wurin da aka tambaye ka yadda ka san ta, ka rubuta, "Ni baffanta ne, a hannuna ta girma."

Ya Ustaz! Baturen ofis bai san baffan katanga ba. Ya ga baffa, ya rufe fayil.

Na yi fushi, har na yi ta faɗa ni kaɗai a ɗaki. Wata uku sun tafi a banza, yarinya tana zaune inda ake jin harbi, Inna ta tsufa ba ta iya gudu da ita. Amma da fushin ya sauka, na ga ba baffan ne ya tsaya mini a rai ba. Rabin maganar na biyu ne. A hannunka ta girma.

Ni na kawo ta bayan rasuwar uwarta, na ajiye ta wurin Inna, katanga ɗaya da gidanka, na ce shekara biyu zan yi in dawo. Ranar da zan tafi ta riƙe jallabiyata a bakin ƙofa, kai ka ɗauke ta ka ce za ku je ganin jirgin ruwa. Na gode maka ranar. Yau in na tuna, sai in ga tun daga nan ka fara karɓe ta.

Kai ka kai ta makarantar allo. Kai ka ɗauko ta a kafaɗa daga unguwar Kalakla ranar da ruwa ya cinye hanya. Ranar saukarta kai ka yanka rago, ni aka turo mini hoto ina cin burodi a tsaye a wurin aiki. In na kira, baffa take ce maka da Larabci, sai in ji, "Ammu Usmanu ya ce," "Ammu Usmanu ya hana." Ni kuwa "Lafiya lau, Baba," shi ke nan, sai ta miƙa wa Inna waya.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da ƙaramar sallar bara, bayan dogon yankewar layi, ka turo hoton Nafisa da 'yarka Ihsan, sun yi lulluɓi iri ɗaya. Na buɗe, na ƙara girman fuskar ta hagu, na daɗe ina kallo ina cewa ga hancin uwarta. Na nuna wa abokin aikina. Sai da yamma Inna ta ce mini tawa ce ta dama. Shekara biyar rabona da gida. Ko da doka ta bar uba ya sa hannu, da wace fuska zan shaida?

Ina kishinka, Usmanu. Na faɗa. Ba ka yi mini laifi ba, ba ka taɓa rufe mini ƙofa ba, kai ne ma kake tsare ta ka ce ta kira ubanta ranar Juma'a. Wannan ma yana ƙona ni, a ce sai da izininka take tuna ni. Kuma da na ga dole ka rubuta da hannunka cewa kai ba kowanta ba ne, wani abu ya yi sanyi a ƙirjina. Na ji kunyar sanyin nan, na yi istigfari, amma na ji shi.

To, ga roƙona. Na sake turo takardar. Ka rubuta maƙwabci, malamin makaranta, ka san ta shekara goma sha ɗaya. Kada ka ƙara ko kalma. Na san zai yi maka ciwo, na san hannunka zai so ya ƙi. Ka daure, ɗan'uwana. Da wannan layin rubutun za ta fita, kuma in ta fita ta bar hannunka ke nan, ka sani, na sani, kuma ba ka taɓa yi mini jinkiri ba ko sau ɗaya.

In ka sa hannu, ka samu wata takarda dabam ka rubuto mini ita. Me take ci da safe. Me ke sa ta yin shiru. In ta yi fushi, a bar ta ake yi ko a bi ta. Ina da ɗaki na gyara mata, ban ma san launin da take so ba.

Allah ya tsare ku daga abin da ke sauka daga sama da abin da ke shigowa ta ƙofa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya ba Ihsan haƙurin rabuwa. Allah ya saka maka da abin da ni ba zan iya ba, ya wanke mini zuciya kafin ranar da zan tsaya a filin jirgi.

Naka, mai kishi da godiya,
Haruna.