Muryar Uwa a Kashi na Uku

Litinin, 1 ga Disamba

Tallan kashi na uku na fim ɗinmu ya fito yau. Injiniya ya kira ni ɗakin ɗaukar murya ya kunna mini a kwamfuta, na yi ta sa shi yana maimaitawa har ya gaji. Ba a nuna fuska ba, sai bayan wata mace cikin jar riga tana hawa matakala. Ko daga barci aka tashe ni na san rigar nan. Ta jarumata ce, wadda nake ce wa Tawa. Tun ina budurwa nake ɗora mata murya da Hausa. Duk fim ɗin da ta yi can ƙasarsu, in ya iso situdiyonmu, ni ce bakinta. Ba ta ma san ina duniya ba, amma ni na san inda take jan numfashi kafin ta fashe da kuka. Fim ɗin zai fito a makon farko na sabuwar shekara. Akwai wasu a bayansa, na 'yan fashi da na aljanu, yaran situdiyo sai zumuɗi suke. Su suka sani.

Alhamis, 4 ga Disamba

Na daina shan ruwan sanyi. Zuma da ruwan ɗumi safe da yamma. Yara ma na daina yi musu tsawa, sai dai in ƙwanƙwasa ludayi a murfin tukunya. Baban yara ya ce da ma kullum a ce fim na shirin fitowa, da gidan nan ya zauna lafiya. Ban tanka masa ba, ina tattalin murya.

Bara da na yi wa Tawa wani fim, sai da na kwana biyu ba na iya magana. Muryarta siririya ce, sai na matse maƙogwaro kafin in kai can. Da ba haka nake yi ba. Mura ce dai ta lokacin.

Talata, 9 ga Disamba

Oga ya kira ni ofis, ya jawo mini kujera da kansa, ya ce "Yaya." Duk ranar da mutumin nan ya ce mini Yaya, na san babu alheri a ciki. Wai a kashi na uku Tsuntsuwa ce za ta yi jaruma, ni kuma akwai rol ɗin uwa, "mai kyau wallahi."

Tsuntsuwa! Yarinyar da ta zo bara tana rawar jiki gaban makirufo, ni na nuna mata inda ake tsayawa, ni na laƙaba mata sunan saboda siririyar muryarta. Na ce masa ban yi tsufan da zan zama uwar kowa a fim ba, in uwa yake nema ga Kaka nan. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ɗauki jakata.

Kaka dai ƙato ne mai gemu, shi ke yin muryar tsofaffin mata tun da aka buɗe wurin. Ya shaƙe murya, ya ƙara tari, ya cusa barkwancin da babu shi a fim ɗin, 'yan kallo su yi ta dariya. To, ga shi ga uwar.

Laraba, 10 ga Disamba

Ban je aiki ba. Na sha ruwan sanyi, har da ƙanƙara.

Asabar, 13 ga Disamba

Na kai wayata gyara. A shagon an kunna kashi na biyu, mutane sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, daidai wurin da Tawa take roƙon saurayin kada ya tafi. Muryata ta cika layin. Mai gyaran ya dafe ƙirji ya ce wa abokinsa muryar yarinyar nan tana kashe shi, da zai gan ta da ya aure ta yau. Sannan ya juyo ya ce, "Mama, me ya samu wayar?"

Na ce ba ta ji ne, irin wasu mutane.

Laraba, 17 ga Disamba

Na leƙa situdiyo don akwai ragowar wani aiki. Talla na biyu ya fito, dogo. Injiniya bai so kunna mini ba, na ce ya kunna.

Mai jar rigar ta kai saman matakala ta juyo. Ba ita ba ce. Wata yarinya ce, fuska sumul, ban taɓa ganinta ba. Ina cikin wannan sai ga tsohuwar mace a bakin ƙofar ɗakin girki, furfura a gaban goshi, tabarau a hanci, tana goge hannu da tawul. Sai da ta ɗaga gira ɗaya na gane ta. Ita ce uwar.

Injiniya ya ce, "Anti, ai abin da Oga yake son gaya miki ke nan ranar, ba ki tsaya ba."

Haushin Oga ya bar ni, nata ya kama ni. Ta ci amanata. Ta cire rigar ta miƙa wa wata, ta koma riƙe tawul, ko shawara babu. Ni ina nan ina matse wuya saboda ita, ashe ita ta daɗe da sakin nata.

Lahadi, 21 ga Disamba

Na ba baban yara labari. Ya ce, "To ai ita ma mutum ce, da so kike ta tsaya cak?" Na ce e, so nake. Ya yi dariya ya fita. Wanda bai taɓa zama wani ba sai kansa, ina zai gane?

Laraba, 31 ga Disamba

Situdiyo ya cika da musu, kowa da fim ɗin da yake jira. Ni ina kusurwa ina kwashe tarkacena. Tsuntsuwa ta zo ta durƙusa kusa da kujerata, wai in taimaka in nuna mata yadda ake kuka gaban makirufo ba tare da hanci ya toshe ba. Na ce ta je ta tambayi wanda ya ba ta rol ɗin. Sai ta ce, "Anti, da muryarki na girma fa."

Na san yabo take nufi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 1 ga Janairu

Sabuwar shekara. Babu abin da nake jira a cikinta.

Litinin, 5 ga Janairu

Fim ya iso. Na je ɗauko kofina ne kawai. An fara ɗaukar wuraren jaruma, na ji muryar Tsuntsuwa ta bayan ƙofa. Ba laifi. Tana saurin shiga kafin bakin ya buɗe, amma ba laifi. Na manta kofin ma.

Talata, 6 ga Janairu

Na koma ɗauko kofin, na tarar Kaka ne a ciki, abin sauraro a kunne, ciki ya tokare tebur. Wurin da 'yar za ta bar gida ne. Akwati a hannunta, uwar tana tsaye a ƙofa, abin da za ta faɗa bai wuce ta tambaye ta ko ta ɗauki rigar sanyi ba. Ta gilashi nake kallon allon. Na ga Tawa ta ja numfashi, ta riƙe, ta sake ja kaɗan. Haka take yi tun tana yarinya in ba ta son hawaye ya zubo. A daidai nan Kaka ya saki tari, ya shaƙe murya ya ce, "Ke ja'ira, kin ɗauki rigar sanyi ko sai na ɗauko sandata?" Ɗaki ya kece da dariya, har Oga. Ita kuwa tana can a allo idonta ya cika taf, an sa mata bakin wani.

Ban san lokacin da na tura ƙofar ba. Na ce masa tashi. Ya ce, "Haba Yaya, ba ke kika ce a ba ni ba?" Na ce na fasa. Ya tashi yana dariya, ya goge mini abin sauraron da gefen rigarsa. Ba shi da mugunta, iyakar abin da ya iya ke nan.

Na matse maƙogwaro yadda na saba, na faɗa. Injiniya ya tsayar. Na sake, ya sake tsayarwa. Ya ce, "Anti, yi haƙuri, saurari tata tukun." Ya kunna mini muryarta ta asali, da yarensu. Ta yi ƙasa, ta yi kauri, da ɗan dishi-dishi a ƙarshe. Irin wadda nake kiran yara da ita in abinci ya sauka. Wadda na yi shekaru ina ɓoye wa makirufo kamar abin kunya.

Na saki wuyana. Na jira ta ja numfashi, na ja tare da ita, na ce, "Kin ɗauki rigar sanyi?"

Babu wanda ya yi dariya. Tsuntsuwa ce ya kamata ta amsa, tana tsaye kusa da ni, wurin ya wuce ba ta ce komai ba, sai jan hanci. Na ce mata ta daina ɓata mana lokaci, kuma in za ta yi kuka ta buɗe baki ta shaƙi iska ta nan, hancin ba zai toshe ba.

Juma'a, 16 ga Janairu

An gama. Uwar ba ta da wurare da yawa, a fastar fim ɗin ma ba a sa fuskarta ba, sai mai jar riga ta cika takardar. Har yanzu ban yafe wa Tawa ba, kuma ban yafe wa Oga ba, ko da ya koma ce mini Anti.

Maƙogwarona bai yi ciwo ba. Na dawo gida na yi wa yara tsawa son raina, baban yara ya ce zaman lafiya ya ƙare.

Ragowar zumar na bar ta a kan kujerar Tsuntsuwa. Tururuwa ce ke damuna a kanta, ba wani abu ba.

Da zan fito Injiniya ya ce wai akwai wani fim na Tawa a tsakiyar shekara, alƙaliya za ta fito, furfurar ma ba za a rina ba. Na ce ba ruwana. Sai da na kai ƙofa na tambaye shi wane wata.